TAURARUWA MAI WUTSIYA DA ISKAR DA KE FITOWA DAGA RANA

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa ganin tauraruwa mai wutsiya? In ba ka taɓa gani ba, tambayi dattawan garinku, ba za ka rasa wanda ya gani ba. Wata babba, wadda a ke kira Hale-Bopp, ta haskaka ƙwarai cikin shekarar 1997, har an yi wata 18 ana ganinta da ido. Irin wannan tauraruwa ba ta ɓuya cikin sauran taurari. Kanta kamar curin auduga ya ke, wutsiyarta kuwa ta miƙe doguwa kamar hayaƙi.

Tun zamanin da mutane suna tsoronta a ƙasashe da yawa. In ta fito sai a ce wani babban sarki zai mutu, ko kuwa yaƙi yana tafe, ko yunwa. Cikin shekarar 1910 labari ya bazu a Turai da Amurka, aka ce duniya za ta ratsa ta cikin wutsiyar wata tauraruwa, kuma akwai guba cikin wutsiyar. Hankalin mutane da yawa ya tashi. Waɗansu suka toshe ƙofofi da tagogi, mazambata kuwa suka yi ta sayar da magani wai na tsari. Ran 19 ga Mayu duniya ta wuce ta wurin, gari ya waye, ba abin da ya sami kowa.

Cikin wannan ɗan littafi ina so in bayyana maka ko mece ce wutsiyar nan, da abin da ke miƙar da ita. Za ka ga yadda ta zama kamar tuta, ta nuna wa masana wata iska da ba wanda ya san da ita, iskar da ke fitowa daga rana, wadda ke bugun duniyarmu dare da rana.

MECE CE TAURARUWA MAI WUTSIYA?

Da fari sai ka san wannan: sunan tauraruwa kawai aka ba ta. Kowace tauraruwa ta ainihi wuta ce mai girma irin ranarmu, nisa ne ya sa mu ke ganinta ƙarama. Mai wutsiya kuwa ba ta da wuta tata. Dunƙulen ƙanƙara ce gauraye da ƙura da tsakuwa, tana kewaya rana kamar yadda duniyarmu ta ke yi. Wani masani na Amurka, Fred Whipple, shi ya faɗi haka cikin 1950, daga baya aka bincika aka tarar maganarsa tana kan hanya. Dunƙulen nan za mu kira shi ƙwallo, kamar ƙwallon da ke cikin goruba.

Ƙwallon ba shi da girma. Ka ɗauki ta 1910 ɗin nan, wadda a ke kira tauraruwar Halley. Sunan wani Baturen Ingila aka sa mata, Edmond Halley, wanda ya yi lissafi cikin 1705 ya gane ta kan komo bayan kamar shekara 76. Da ta komo cikin 1986, sai ƙasashen Turai suka aika mata da kumbo mai suna Giotto. Kumbo shi ne jirgin da a ke harbawa can sama inda babu iskar shaƙa. Wannan ba mutum a cikinsa, sai na'urorin awo da na ɗaukar hoto. Ya matsa kusa har saura kamar mil 370. Aka ga ƙwallon baƙi wuluk kamar gawayi, tsawonsa kamar mil 9, faɗinsa mil 5. Mai ƙafa ya iya gama tsawonsa tsakanin asuba da hantsi. In ka fi sabawa da kilomita, ka riƙe cewa mil 5 shi ne kilomita 8.

Tsakanin duniya da rana mil miliyan 93 ne, miliyan kuwa shi ne dubu sau dubu. Duniya ba ta kan ƙara nisa ko kusa da rana ƙwarai ba duk shekara. Amma hanyar mai wutsiya doguwa ce, gefe guda kusa da rana, gefe guda can nesa cikin sanyi da duhu. A can nesa ta ke yin yawancin kwanakinta, ba kai, ba wutsiya, sai ƙwallon kaɗai.

Sa'ad da ta kusato rana sai zafi ya kama ƙanƙarar. Ba ta narkewa ta zama ruwa, sai dai ta tashi tururi nan take, gama babu iska a wurin da za ta danne ta. Ka san yadda kafur ya ke ragewa cikin akwatin tufafi, ba ya jiƙa kome, sai dai ƙamshinsa ya cika akwatin. To, haka nan ne. Tururin ya kan fito da ƙarfi, ya ɗauko ƙura tare da shi, su lulluɓe ƙwallon. Wannan lulluɓi shi ne kan da mu ke gani, faɗinsa ya kan ninka faɗin duniya sau da yawa. Daga cikin kan nan wutsiya ta ke fita.

INA WUTSIYAR TA KE NUFA?

In mahayi ya yi sukuwa, ƙurarsa da jelar rawaninsa bayansa su ke. Don haka kowa ya ga mai wutsiya sai ya zaci gudu ta ke yi, ta bar wutsiyarta a baya. Ashe ba haka ba ne. Sa'ad da ta ke zuwa wajen rana, lalle wutsiyar tana baya. Amma in ta kewaye rana ta juya za ta koma, sai wutsiyar ta shiga gaba, kan yana binta. Ko ina ta ke, ko ina ta dosa, wutsiyar tana nufin wajen da ya ba rana baya.

Ka tuna da mutumin da ke tafiya cikin iska mai ƙarfi. In ya fuskanci iskar, rigarsa tana kaɗawa bayansa. In ya ba ta baya, rigar tana kaɗawa gabansa. Duk wanda ya hange shi daga nesa ya san inda iskar ta ke fitowa, ko da shi kansa bai ji ta a jikinsa ba.

Masu duban taurari na ƙasar Sin sun lura da wannan hali na wutsiya fiye da shekara dubu da suka wuce. A Turai wani mutumin Jamus, Peter Apian, ya lura da shi cikin 1531, ya zana hotonsa. Sa'an nan cikin 1619 wani Bajamushe kuma, Johannes Kepler, ya ce hasken rana ne ke tura wutsiyar. Kepler ya sami rabin amsa. Sauran rabin sai da aka yi fiye da shekara 300 kafin a same shi.

WUTSIYA BIYU CE

Da aka sami madubin hangen nesa mai kyau, da na'urar ɗaukar hoto, sai aka ga yawancin manyan taurarin nan wutsiya biyu gare su. A hotunan Hale-Bopp kowa ya iya rarrabe su. Ɗaya fara ce, ko ta yi ɗan rawaya, mai faɗi, ta tanƙware kamar lauje. Ɗaya shuɗiya ce, siririya, ta miƙe sak kamar mashi. Farar ta ƙura ce, shuɗiyar ta tururi ce. Kowace da abin da ke tura ta.

Mu fara da ta ƙura, gama a kanta ne maganar Kepler ta yi daidai. Haske yana da ɗan ƙarfin turi. Wani masani na Rasha, Pyotr Lebedev, ya auna shi wajen shekarar 1900. Ƙarfin kaɗan ne ƙwarai. In ka tara turin dukan hasken ranar da ke sauka a kan filin ƙwallo guda, bai kai nauyin goro ɗaya ba. Amma ƙurar mai wutsiya ta fi gari laushi, kuma ba abin da ke tare ta a can sama, saboda haka ɗan turin nan ya ishe ta.

Ka ga yadda mata su ke sheƙar hatsi. Tsaba ta faɗo ƙasa don nauyinta, ƙaiƙayi kuwa iska ta tafi da shi. Haka haske ya ke yi. Ƙura mai laushi ya kan tura ta nesa, mai ɗan nauyi ya tura ta kaɗan, tsakuwa kuwa ta zauna a kan hanyar tauraruwar. Da ya ke turin a hankali ya ke, ita kuwa tauraruwar tana ta tafiya, sai ƙurar da ta fita tun shekaranjiya ta ragu a baya, wutsiyar ta tanƙware. Haskenta kuwa na rana ne ya ke faɗa mata, kamar yadda ka ke ganin ƙura cikin ɗaki in hasken rana ya shigo ta wata 'yar kafa.

SHUƊIYAR WUTSIYA TA TONA ASIRI

Shuɗiyar ita ce ta dami masana. Cikinta a kan ga waɗansu ƙulle-ƙulle kamar gajimare suna gudu daga kan zuwa ƙarshen wutsiya, suna ƙara sauri. Da aka lissafa saurin, sai aka ga turin haske bai isa ya kawo shi ba ko kusa. Lalle akwai wani abu dabam da ke kora su.

Cikin 1943 wani masani na Jamus, Cuno Hoffmeister, ya auna hotuna masu yawa. Ya tarar shuɗiyar wutsiya ba ta ba rana baya daidai wa daida ba, ta kan ɗan karkata zuwa wajen da tauraruwar ta baro. Cikin 1951 wani ɗan ƙasarsu, Ludwig Biermann, ya gane ma'anar karkatar nan.

Ga misali yadda za ka fahimta. In ruwan sama yana zubowa sak daga bisa, kana tsaye, a kanka ya ke sauka. In ka hau keke ka taka, sai ka ji yana bugun fuskarka, kamar ya karkato. Gwargwadon saurinka, gwargwadon karkatarsa. Wanda ya san saurin keken, ya kuma auna karkatar, ya iya lissafa saurin ruwan. To, masana sun san saurin tauraruwa. A ce tana ratsa iska tana cin mil 25 cikin daƙiƙa ɗaya, aka kuma ga wutsiyar tana karkata taki ɗaya cikin kowane taki goma. Ka ga iskar ta ninka ta sauri sau goma ke nan, watau mil 250 cikin daƙiƙa.

Biermann ya ce abin da ke kora wutsiyar waɗansu 'yan ƙwayoyi ne da rana ta ke fesowa da irin wannan sauri. Ya kuma lura da wani abu. Taurari masu wutsiya suna zuwa ta kowace fuska, cikin kowace shekara, kuma duk halin wutsiyarsu ɗaya ne. Saboda haka feshin nan kullum a ke yinsa, ta kowane gefe na rana.

ISKAR RANA

In wata ya rufe rana sarai wajen husufi, a kan ga wani farin haske ya kewaye ta kamar rawani. Waɗanda suka ga husufin ran 29 ga Maris, 2006, wanda ya bi ta Gana da arewa maso yammacin Nijeriya da Nijar, sun gan shi da idonsu. Za mu kira shi rawanin rana. Tururi ne mai zafin gaske. Ruwa yana tafasa a digiri 100, fuskar rana tana da kamar digiri 5,500, amma rawanin ya wuce digiri miliyan 1.

Cikin 1958 wani saurayin malami a Jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Parker, ya yi lissafi ya nuna cewa tururi mai irin wannan zafi rana ba ta iya riƙe shi. Tilas ya yi ta kwarara waje, yana ƙara sauri. Shi ya raɗa masa suna iskar rana. Manyan masana biyu da aka ba takardarsa su duba suka ce kada a buga. Amma editan, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya duba lissafin bai ga kuskure ba, ya buga.

Gani ya kori ji. Cikin 1959 kumbunan Rasha masu suna Luna suka fara gamuwa da ƙwayoyin nan. Cikin 1962 kumbon Amurka, Mariner 2, ya tafi wajen Zara, matar wata, ya yi wata da watanni yana auna iskar a kan hanya, bai ga ta tsaya ba. Gardama ta ƙare. Parker ya yi tsawon rai har ya ga an harba kumbo mai sunansa zuwa wajen rana cikin 2018, ya rasu cikin 2022.

Ga abin da aka auna. Iskar rana ta kan ci kamar mil 250 cikin daƙiƙa ɗaya, wani lokaci har mil 500. Daga Kano zuwa Ikko mil 700 ne ta hanyar jirgin ƙasa, iskar nan ba ta cika daƙiƙa 3 ba ta gama shi. Duk da haka sai ta yi kamar kwana 4 kafin ta iso mu daga rana, haske kuwa minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi ya ke yi. Kowace daƙiƙa rana tana zubar da fiye da tan miliyan 1 ta wannan hanya, amma don girmanta abin bai rage ta da kome ba.

Kada sunan iska ya ruɗe ka, ba irin wadda mu ke shaƙa ba ce. Kowane abu a duniya an gina shi da 'yan ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, su a ke kira ƙwayoyin zarra. Cikin wurin da bai fi kan ɗan yatsanka ba, iskar rana tana da ƙwaya kamar 5 zuwa 10 in ta iso kusa da duniya. Iskar da mu ke shaƙa kuwa, in za ka rubuta yawan ƙwayoyinta cikin wannan ɗan wuri, sai ka rubuta 25 ka bi shi da sifiri 18. Da za ka tsaya cikin iskar rana, ko gashin girarka ba za ta motsa ba.

YADDA ISKAR TA KE KAMA WUTSIYA

To, sai ka tambaya, abin da ba ya motsa gashin gira, ƙaƙa ya ke miƙar da wutsiya mai tsawon mil miliyoyi? Tambayar tana da kyau, masana ma sun yi ta. Wani mutumin Suwidin, Hannes Alfven, shi ya amsa ta cikin 1957. Amsar tana ga abu biyu, lantarki da maganaɗisu.

Ka goga matsefin roba a gashinka, ka kai shi kusa da 'yan guntayen takarda, za ka ga ya ɗauke su. Gogawar ta sa ya ɗauki lantarki. Ƙwayar zarra ma ta kan ɗauki lantarki. Tana da cibiya, da waɗansu 'yan 'ya'ya da ke kewaya cibiyar. In aka fizge mata ɗa guda, shi ke nan ta ɗauka. Cikin hasken rana akwai wani iri mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, shi ne ke fizge 'ya'yan ƙwayoyin tururin da ke fita daga ƙwallon tauraruwa. Ƙwayoyin iskar rana su ma duk masu lantarki ne, zafin rawanin rana ya riga ya tsinke musu 'ya'ya.

Maganaɗisu kuwa ka san shi, shi ne mayen ƙarfe. In ka ɗora takarda a kansa ka barbaɗa garin ƙarfe, sai garin ya jeru layi layi. Layukan nan su ke nuna inda ƙarfinsa ya bi. Rana babban maganaɗisu ce, iskarta kuwa tana jan layukan nan tana tafiya da su kamar zaruruwa. Ƙwaya mai lantarki ba ta iya ƙetare zaren nan yadda ta ga dama, sai dai ta bi shi, kamar ɗan carbi a zarensa.

Yanzu ka tuna da rafi in ya kawo, ya kwaso doguwar igiya a gicciye, ta gamu da kututture a tsakiyar ruwa. Tsakiyar igiyar ta maƙale, bakinta biyu kuwa ruwa ya ja su gaba, har su haɗu a bayan kututturen su miƙe. Haka zaruruwan maganaɗisu su ke yi in sun gamu da kan tauraruwa. Tururi mai lantarki da ke cikin kan ya riƙe tsakiyarsu, iska ta ja bakunansu, su naɗe a bayan kan. Ƙwayoyin tururi su bi su, su zama shuɗiyar wutsiya. Ƙura kuwa ta fi ƙarfin zaruruwan nan, shi ya sa ta ke bin hanyarta dabam.

An gwada maganar Alfven ran 11 ga Satumba, 1985, sa'ad da wani kumbo mai suna ICE ya ratsa wutsiyar tauraruwar Giacobini-Zinner. Ya tarar maganaɗisun yana nufin waje guda a wannan gefe na wutsiyar, a wancan gefe kuma yana nufin akasin haka, daidai yadda igiyar da aka ninka biyu za ta kasance.

Shuɗin kuwa daga wani tururi ya ke fitowa, irin mai gubar nan da garwashin gawayi ya ke fitarwa cikin rufaffen ɗaki. In ya ɗauki lantarki, hasken rana ya same shi, sai ya ba da shuɗin haske. Tsawon wutsiyar ya kan wuce abin da ido ke gani nesa ba kusa ba. Ran 1 ga Mayu, 1996, kumbon Ulysses yana tafiyarsa sai ya ratsa wutsiyar tauraruwar Hyakutake, a wurin da ke da nisan fiye da mil miliyan 300 daga kanta. Amma duk tsawon nan abin da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, har ana hangen taurari ta cikinta sarai. Dalilin da ya sa gubar 1910 ba ta taɓa kowa ba ke nan.

YADDA WUTSIYA TA KAN TSINKE

Iskar rana ba kullum ta ke tafiya lami lafiya ba. Wani lokaci mai sauri ta cim ma mai nawa, su cakuɗe. Wani lokaci zaruruwan maganaɗisu su juya, masu nufin gaba su koma masu nufin baya. Wani lokaci kuma rana ta yi aman wani babban curin tururi gaba ɗaya, ya taho kamar hadari. Duk abin da iskar ta yi, shuɗiyar wutsiya ta kan nuna shi: ta lanƙwashe, ta yi ƙulli, ta rarrabu kamar tsintsiya.

Har ta kan tsinke ɗungum. An ga haka ga tauraruwar Morehouse cikin 1908, an kuma gani ga ta Halley cikin 1910 da 1986, amma ba a ga abin da ya tsinke su da ido ba. Sai cikin Afrilu, 2007, wani kumbon Amurka mai suna STEREO, wanda aikinsa duban rana ne, ya ɗauki hoton abin tun daga farko. Hadarin rana ya taho ya faɗa wa wata ƙaramar tauraruwa mai suna Encke, ya cire wutsiyar ya tafi da ita. Abin da ya faru shi ne, zaruruwan hadarin sun saɓa wa na tauraruwar, da suka haɗu sai tsofaffin suka katse. Tauraruwar ba ta yi asarar kome ba, gama ƙwallon yana nan yana fid da tururi. Kamar ƙadangare, ba a daɗe ba ta tsiro da sabuwa.

MU FA, INA RUWANMU?

Iskar da ke tsinke wutsiyar tauraruwa ita ce ke bugun duniya. Abin da ya raba mu da mai wutsiya shi ne duniya tana da maganaɗisu nata mai ƙarfi, shi ne ke juya allurar kamfas ta nufi arewa. Shi ya ke tare iskar rana tun daga nesa, ya karkatar da ita ta wuce ta gefe. Ɗan abin da ya sami shiga ya kan bi ta ƙarshen arewa da ƙarshen kudu na duniya, ya haskaka sararin sama da dare da kore da ja. Mutanen ƙasashen sanyi, kamar Kanada da Suwidin, sun saba ganin wannan haske.

Amma in hadarin ya yi ƙarfi ya kan yi ɓarna. Cikin Satumba, 1859, wayoyin tangarahu a Turai da Amurka suka yi ta tartsatsin wuta, har lantarki ya fizgi waɗansu ma'aikata. Ran 13 ga Maris, 1989, hadarin rana ya ɗauke wutar lantarki a lardin Kebek na Kanada, mutum kamar miliyan 6 suka yi awa 9 ba wuta cikin sanyi. Irin wannan hadari ya kan dagula maganar rediyo mai cin dogon zango, ya kan kuma lalata taurarin ɗan Adam waɗanda ke kai saƙo da hoto daga ƙasa zuwa ƙasa. Saboda haka yanzu an ajiye kumbuna kamar mil miliyan 1 daga duniya ta wajen rana, suna gadi. In hadari ya wuce su sai su aiko da labari, masu lura da wutar lantarki su sami 'yan mintoci, wani lokaci har awa guda, su yi shiri.

IN KA GA WATA

Tauraruwar Halley za ta komo cikin 2061. Amma ba sai ka jira ta ba, gama waɗansu su kan zo ba zato, kamar wadda aka gani cikin Yuli, 2020, da ta Oktoba, 2024. In ka ji labarin wata ta fito, fita bayan gari inda ba fitilu. Irinsu sun fi haske in suna kusa da rana, don haka ka duba yamma bayan magariba, ko gabas kafin asuba.

In ka same ta, riƙe wurin da rana ta faɗi, ko inda za ta fito, sa'an nan ka dubi wutsiyar. Za ka ga ta ba wurin baya ta nufi sama. Wadda idonka zai fi gani ita ce ta ƙura, shuɗiyar sai dare ya yi duhu ƙwarai, ko kuwa a hoto. Wani lokaci a kan ga kamar ɗan tsinke ya fito daga kan ya nufi wajen rana. Kada wannan ya ruɗe ka, ƙura mai nauyi ce da ta ragu a kan hanya, mu ke hangenta ta gefe.

Tsakuwar da ta zauna a kan hanya ma kana iya ganin aikinta kowace shekara. Duniya ta kan ratsa hanyar tauraruwar Halley sau biyu, farkon Mayu da wajen ƙarshen Oktoba. Sai 'yan tsakuwoyin su faɗo cikin iskarmu su ƙone tun suna can bisa, mu ce tauraro ya faɗi. Ka tashi kafin asuba cikin waɗannan kwanaki, ka ta da 'ya'yanka, ku ƙirga su tare.